Bayani kan motocin tafi-da-gidanka da zangon tafkin Itasca a Amurka

Da zarar an ba 'yan makaranta dogon hutu a watan Yuni, manyan hanyoyin Amurka sukan cika da wasu irin motoci da ake kira RV, wato motocin tafi-da-gidanka. A cikinsu akwai gado, da wurin girki, da makewayi, da na'urar sanyaya ɗaki. Wasu girmansu ya kai na babbar bas, wasu kuma ɗaki ne kawai mai tayoyi da ake ɗaurawa a bayan mota a ja.

Akasarinsu ana ƙera su ne a yankin Elkhart na jihar Indiyana. A shekarar 2021, lokacin da annobar korona ta sa jama'a ke gudun otal-otal da jiragen sama, kamfanoni sun fitar da irin waɗannan motoci kimanin 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan.

Da dama daga cikin masu motocin kan nufi gandayen dajin da gwamnatocin jihohi ke kula da su, domin kuɗin kwana a can bai kai na otal ba. Ɗaya daga cikin mafiya tsufa shi ne gandun Itasca da ke arewacin jihar Minesota, mai faɗin fiye da eka 32,000 da tafkuna sama da 100.

Daga tafkin Itasca ne kogin Misisipi ya samo asali. A inda yake fita, ruwan bai cika wuce gwiwa ba, har yara kan tsallake shi ta kan duwatsu, alhali kuwa shi ne kogin da ke tafiyar fiye da kilomita 3,700 kafin ya faɗa teku a jihar Luwiziyana. A shekarar 1832 ne wani ɗan ƙabilar Ojibwe mai suna Ozawindib ya yi wa Henry Schoolcraft jagora zuwa wurin.

Saura kaɗan dai a rasa dajin. Majalisar jihar ta amince da kafa gandun a 1891 da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak, a lokacin da kamfanonin katako ke sare itatuwan yankin. A 1903 masu katako suka datse kogin domin ruwa ya taru su kora gungume, abin da ya sa tafkin ya cika har ya soma shanye itatuwan bakin gaɓa. Mary Gibbs, wata matashiya mai shekaru 24 da ta gaji mahaifinta a shugabancin gandun, ta je wurin da kanta. Duk da barazanar harbi da aka yi mata, ta tsaya kai da fata sai da aka buɗe madatsar. Wasu daga cikin itatuwan da baƙi ke hutawa a inuwarsu yau sun haura shekaru 200.

Wannan tarihi na daga cikin abin da ya sa hukumomi ba sa wasa da dokokin zango. Akwai wuraren kwana biyu, Bear Paw da Pine Ridge, kuma akan kama wuri ta intanet tun da sauran watanni. Kowane baƙo yana da filinsa mai lamba, da tebur, da murhun ƙarfe inda nan kaɗai aka yarda ya hura wuta. Wasu filayen suna da wurin jona lantarki. An haramta shigo da itacen girki daga nesa sai wanda hukuma ta amince da shi, saboda wani ƙwaro ɗan asalin Asiya da ke ɓuya a ƙarƙashin ɓawo, wanda ya kashe miliyoyin itatuwa tun da aka gano shi a Amurka a 2002.

Abin da masu tallar motocin ba su cika ambata ba shi ne batun ƙazanta. Motar tana da tanki uku: na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na makewayi. Biyun ƙarshe dole mai mota ya kai su wani rami na musamman ya juye da hannunsa, kuma zubar da su a daji ko kusa da tafki laifi ne. Ga kuma shan mai: babbar motar kan ƙone kusan lita 25 zuwa 30 a kowane kilomita 100. Janareto da murhun gas ma suna da haɗari, domin hayaƙinsu marar wari yana iya kashe mutum cikin barci idan ya taru a rufaffen ɗaki.

Lokacin zangon gajere ne. Daga watan Oktoba sanyi kan soma kama, akan rufe famfunan zango don kada bututu ya fashe, sannan tafkin ya daskare har sai wajen Afrilu. A lokacin ne da yawa daga cikin masu motocin, musamman waɗanda suka yi ritaya, kan juya akalarsu zuwa kudu, su yi hunturu a jihohin Arizona da Fulorida.