Forest: Tarihin ƙungiyar kare mashaya sigari a Birtaniya da tushen kuɗinta

Forest ƙungiya ce da aka kafa a Birtaniya a shekarar 1979 domin kare abin da ta kira ’yancin baligai na shan taba. Sunanta taƙaitawa ne na wasu kalmomin Ingilishi masu nufin ƙungiyar fafutukar ’yancin more shan taba. Wanda ya kafa ta shi ne Sir Christopher Foxley-Norris, tsohon babban hafsan sojan sama da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu. Ana ba da labarin cewa wata mata ce ta nemi ya kashe lofensa a tashar jirgin ƙasa ta Reading, abin ya tsaya masa a rai. Daga 1987 masanin tattalin arziki Lord Harris ya shugabance ta har mutuwarsa a 2006, Simon Clark kuma ya zama darektanta a 1999.

Ƙungiyar ta gabatar da kanta a matsayin muryar talakan mai shan sigari, amma ba daga aljihunsa take ci ba. Kusan dukkan kuɗinta ya fito ne daga kamfanonin taba, ciki har da British American Tobacco da Imperial Tobacco da Gallaher, wanda Japan Tobacco ya saye a 2007. Forest ba ta musanta karɓar kuɗin ba. Abin da ta dage a kai shi ne kamfanonin ba sa tsara mata abin da za ta faɗa. Sai dai takardun cikin gida na kamfanonin, waɗanda shari’o’in Amurka suka tilasta a fito da su a 1998, sun nuna cewa masana’antar na da hannu a lamarinta tun farko. Dalilin a fili yake: maganar da jama’a za su yi wa kunnen uwar shegu idan kamfani ya faɗe ta, sukan saurare ta daga bakin wanda ya ce shi mashayi ne da aka takura. Haka Philip Morris ya yi a Amurka a 1993, da ƙungiyar National Smokers Alliance.

A manyan fafutukarta Forest ba ta kai labari ba. An haramta shan taba a rufaffun wuraren taruwar jama’a a Scotland a 2006, a Ingila kuma ranar 1 ga Yulin 2007. Kamfen da ta yi kan dokar sayar da sigari cikin kwali marar ado shi ma bai hana dokar fara aiki a 2016 ba.

Irin wannan dabara na cikin abin da sashe na 5.3 na yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba ya nufa, inda ya wajabta wa gwamnatoci kare manufofin lafiya daga muradun masana’antar. Najeriya ta amince da yarjejeniyar a 2005, ta kuma kafa tata dokar a 2015.