Yadda Ake Haɗa Ƙarin Fitilu Da Fitilar Gaba A Motocin Shiga Daji

Ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye, da ma'aikacin da aiki ke kai shi ƙananan hukumomi na nesa, sun san cewa fitilar da mota ta zo da ita daga kamfani ba kullum take wadatarwa ba idan aka sauka daga kwalta da dare. Wannan ne ya sa masu Hilux da Land Cruiser da makamantansu ke ƙara fitilu biyu ko fiye a gaban mota. Ɗaura su a jikin ƙarfe ba shi da wahala. Inda ake yin kuskure shi ne wajen ba su wuta, kuma kuskuren kan jawo narkewar waya, ko ƙonewar makunni, wani lokaci ma gobara.

Hanyar da ta fi sauƙi, wadda wasu masu rewaya ke bi idan suna sauri, ita ce a fere wayar dogon haske a liƙa wayar sababbin fitilun a kanta. Lissafi kaɗan ya isa ya nuna illar haka. Yawancin waɗannan motoci suna aiki da bolt 12, kuma ana gane yawan wutar da fitila ke ja ne ta raba wat ɗinta da bolt. Fitilu biyu masu wat 55 kowace suna jan kimanin amfiya 9, biyu masu wat 100 kuwa suna jan kusan amfiya 17. Ƙwan H4 da aka saba gani a fitilar gaba wat 60 ne a dogon haske, wato guda biyu suna jan kimanin amfiya 10, kuma daidai da wannan nauyi aka zaɓi kaurin wayar da fiyus ɗinta. Ɗora mata ƙarin amfiya 17 ya kusa ninka kayanta sau uku. Idan an yi sa'a fiyus ne zai tsinke, sai dai tsinkewarsa na nufin ɗaukewar hasken gaba ana tsakiyar gudu. Idan kuma an sauya shi da babba don kada ya tsinke, kamar yadda ake yawan yi, to wayar ce za ta yi zafi a madadinsa.

Maganin wannan shi ne rile, ɗan ƙaramin akwati mai ƙafafu huɗu ko biyar. Makunni ne da wuta ke kunnawa ba hannu ba: 'yar wuta kaɗan, ƙasa da rubu'in amfiya, ke shiga naɗin wayar da ke cikinsa, maganaɗisu ya ja ƙarfe ya haɗa babbar hanya. Da shi, fitilun suna shan wutarsu kai tsaye daga batir, layin dogon haske kuma ba ya ba da komai sai sanarwa.

An rubuta lambobi a gindin ƙafafun, bisa tsarin ƙasar Jamus mai suna DIN 72552. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar wuta daga kan batir mai alamar tarawa, ta cikin fiyus. Ta 87 ke kai wutar ga fitilun. Ta 86 ke karɓar sanarwa daga wayar dogon haske, bayan ta bi ta wani makunni da za a sa kusa da direba. Ta 85 kuwa ana ɗaure ta a jikin ƙarfen mota, a wurin da aka kankare fenti da tsatsa. Ita ma kowace fitila tana buƙatar tata wayar komawa ga ƙarfe ko ga batir. Rile mai ɗaukar amfiya 30 ko 40 ya isa fitilu biyu.

Wajibi ne fiyus ya zauna dab da batir, domin waya yake karewa ba fitila ba, kuma duk tsawon da ke tsakaninsa da batir ba shi da kariya idan ya gogi ƙarfe. Nauyin amfiya 9 yana son fiyus na 15 da waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, nauyin 17 yana son na 20 ko 25 da waya mai 2.5, ko fiye idan tafiyar tana da tsawo. Kafin a taɓa komai, a cire kan batir mai alamar ragewa. Wayar da za ta ratsa ƙarfe zuwa cikin mota a bi da ita ta cikin roba, a kuma nisanta ta da salansa. Shi rilen a kafa shi ƙafafunsa na kallon ƙasa, saboda ruwan damina da na wanki.

Akwai wani tarko da ya shafi motocin Toyota da dama, musamman tsofaffin Hilux da Land Cruiser. A cikinsu wuta tana tsaye a ƙwai da zarar an kunna fitila, makunnin kuma ɓangaren komawa ga ƙarfe yake haɗawa. Wanda ya bi tsarin da aka bayyana a sama ba tare da gwaji ba, zai ga abin mamaki: ƙarin fitilun su kama a gajeren haske, su mutu a dogo. Gyaran shi ne a kai ƙafa ta 86 ga wayar da ke kawo wa ƙwan wuta, ta 85 kuma ga wayar dogon haske maimakon jikin ƙarfe. Minti biyu da mita ko fitilar gwaji a bayan ƙwan sun isa a gane wane tsari motar ke bi. Haka nan, wasu motocin dizal da manyan motoci bolt 24 ne, don haka rile da ƙwai na 24 suke buƙata. Sababbin motoci masu fitilar LED da kwamfuta ke sarrafawa kuwa, fere wayarsu kan sa fitila ta riƙa ƙyaftawa ko alamar matsala ta fito a gaban direba. Irin waɗannan gara a nemi haɗin waya da aka ƙera domin samfurinsu.

Dalilin ɗaure ƙarin fitilun ga dogon haske ya wuce kare waya. Idan makunninsu daban ne, direban da ya hango mota tana tahowa sai ya rage dogo, sannan ya lalubi wani makunni, alhali na gabansa ya riga ya daina gani. Ƙa'idar tuƙi ta wajabta rage haske ga mai tahowa, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta sha jan kunnen direbobi kan ƙarin fitilu masu kashe ido. Da wannan haɗi, taɓa sandar fitila sau ɗaya ke kashe su duka. Makunnin da ke kusa da direba kuma amfaninsa shi ne a rufe su ɗungurungum a cikin gari da kan babbar hanya.

A lokacin hunturu, idan ƙura ta yi kauri, hasken mai ƙarfi yakan bugi hazo ya dawo idon direba, musamman idan fitilun a saman rufi suke. A irin wannan dare gajeren haske da fitilar hazo da ke can ƙasa sun fi nuna hanya. Bayan an gama haɗi, a tsayar da motar a wuri mai daidaito tana fuskantar bango, a saita fitilun kada haskensu ya haura na dogon hasken motar, sannan a sake duba ƙusoshinsu bayan tafiyar farko a hanya mai gargada.