Labarin Sunan Zaite da Yadda Ya Koma Sunan Unguwa

Duk malamin da ya taɓa riƙe littafin harajin birnin Kano a zamanin En'e ya san yadda a ke jera mutane a ciki. Sunan unguwa ne a bisa, sa'an nan mai unguwa, sa'an nan masu gida ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa na yanka da na ubansa, wani lokaci a ƙara da sana'arsa in an sami takwarori biyu. A cikin wannan jeri da wuya ƙwarai malami ya ci karo da mutumin da a ke ce da shi Zaite. Amma cikin sunayen unguwanni akwai Zaitawa, kowane ɗan birni kuwa ya san hanyarta. Asalinsa sunan wani baƙo ne da ya iso Kano daga yamma fiye da shekara 500 da suka wuce. A ƙasar da ya baro, masu wannan suna sun yawaita har sun watsu cikin ƙasashe da dama. A ƙasar da ya sauka kuwa sunan ya bar mutane ya koma kan wuri. Dalilin haka ya isa a bincika, gama ya shafi aikin duk wanda aka taɓa sa shi rubuta sunayen talakawa.

Yawancin mutane sun fara jin wannan suna ne a littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Mista Palmer ya juya da Turanci a 1908, aka kuma buga shi da Hausa a 1933 cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Bisa ga wannan littafi, a zamanin Sarki Yaji, wanda a lissafin Palmer ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Malle da addinin Musulunci. Su wajen 40 ne, shugabansu Abdurrahmani Zaite. An ambaci waɗansu daga cikinsu, kamar su Mandawari, da Famori, da Sheshe, da Kebe, da Dukere, da Gurdamus, da Lawal, da Auta. Sarki ya karɓe su, ya kuma raba musu aiki. Gurdamus ya zama limaminsa, Lawal ladan, Auta mai yanka, Mandawari limamin Wangarawa da manyan gari, Zaite kuwa alƙali. Ashe tun zuwansa mai wannan suna ma'aikacin sarki ne.

Akwai kuma wani ɗan littafi na Larabci, Aslul Wangariyyin, watau asalin Wangarawa, wanda aka rubuta a shekara ta 1061 ta Hijira, wajen 1651 ke nan. Dakta Muhammad al-Hajj, wani malamin tarihi mutumin Sudan, shi ya fito da shi fili a Kano a 1968. Wannan littafi ya kira shehin da suna Zagaiti. Ya ce ya tashi daga Malle a shekara ta 835 ta Hijira, wajen 1432, da niyyar aikin hajji, jama'a mai yawa na biye da shi. Suka bi ta Gobir da Katsina, waɗansu suka yi zamansu a can, sauran suka iso Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, daidai lokacin da Shehu Magili ya ke garin. Sarki ya riƙe shi da girmamawa, tafiyar hajji ta tsaya a nan.

To, tsakanin Yaji da Rumfa akwai shekara ɗari, mutum ɗaya ba ya isowa gari sau biyu a tsawon wannan zamani. In za a auna littattafan nan biyu, na Wangarawa ya fi nauyi. Ya girmi ɗayan da fiye da shekara 200, gama tarihin sarakuna ya kai har kan Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893. Sa'an nan labarin gida ne, mai rubuta shi yana bin zuriyar shehin. Abin da ya fi kama hankali shi ne fataken Wangarawa sun daɗe suna zuwa Kano tun zamanin Yaji, daga baya shehin ya iso da almajiransa, sai masu ba da labari suka haɗe zuwan nan biyu, suka ɗora sunan da ya fi shahara a kan ayarin farko. Haka mutane su kan yi da labarin kakanni a ko'ina.

Shi kansa sunan, masana sun bi sawunsa har wani tsohon gari a ƙasar Masina, yamma da Tambutu, wanda mutanensa ke kira Ja, Larabawa kuma suka rubuta shi Zaga. Ibn Batuta, da ya ratsa ƙasar Malle a 1352, ya yabi mutanen Zaga da cewa sun daɗe cikin Musulunci, masu neman ilmi ne. A wani gari kuma, Zagari, ya tarad da fatake baƙaƙe da a ke kira Wanjarata, su ne Wangarawa. Daga sunan garin Ja aka sami Jahanke, watau mutanen Ja, wata ƙungiya ta malamai 'yan asalin Soninke. Ɗaya daga cikin gidajensu shi ne Jakite. Malam Lamin Sanneh, mutumin Gambiya wanda ya rubuta tarihin Jahanke a 1979, ya ɗauki Zagaiti na Kano a kan wani reshe ne na wannan gida. Wanda ya saba da alƙalamin malamai ba zai yi mamakin sauyin ba. Abin da baki ya faɗa da ja, marubuci ya sa masa zayi. Harafin tsakiya kuwa mai laushi ne, ya kan narke a bakin masu harshen da kansu, shi ya sa a Gambiya a ke cewa Jaite. Tsakanin Jaite da Zaite harafi ɗaya ne.

A can yamma sunan bai taɓa yin ƙaranci ba, domin al'adar mutanen Mande ita ce kowane mutum ya gaji sunan gidan ubansa, suna ce da shi jamu. Ɗa ya kan ɗauka, jika ya ɗauka, mace ma ta riƙe nata ko ta yi aure. Da shi a ke gaisuwa: in an gamu da mutum sai a ambaci jamunsa a yi masa kirari da shi, shi kuma ya mayar. Maroƙansu sun haddace asalin kowane jamu. Saboda haka duk ɗa namiji da aka haifa ƙari ne ga sunan, duk inda gidan ya yi ƙaura kuma sunan na biye. Jahanke suka tashi daga Masina zuwa Bambuk, ƙasar zinariya, daga can suka bazu Bundu, da Futa Jalon, da bakin kogin Gambiya, suna kafa makarantu da gonaki. Sun yi suna da ƙin yaƙi da gudun sarauta, abin da ya sa alƙalancin Zaite a Kano ya zama abin lura. A Kankan ta ƙasar Gini akwai manyan gidajen Kaba masu haɗa sunansu da Jakite. Da Turawa suka raba ƙasashen, kowa ya rubuta sunan da irin haruffansa. Faransawa suka sa Diakité da Diakhité a Mali, da Gini, da Sanagal, da Kwaddibuwa, Ingilishi suka sa Jaiteh a Gambiya. Wanda bai sani ba sai ya zaci sunaye uku ne.

Sai dai a nan akwai wurin da mai bincike ya kamata ya taka a hankali. A ƙasar Wasulu, inda Mali da Gini da Kwaddibuwa suka haɗu, akwai Fulani da suka bar Fulatanci suka ɗauki harshen maƙwabtansu. Sunayen gidajensu huɗu ne, Jallo, da Jakite, da Sidibe, da Sangare. Jakiten nan na Fulani suna da yawa ƙwarai, asalinsu kuwa dabam da na malaman Jahanke. Kama da Wane ba ta Wane. Wanda ya ƙirga masu sunan duka ya ce danginsu ɗaya da alƙalin Kano, ya haɗa garke biyu a turke ɗaya.

A Kano kuwa sunan ya faɗo cikin mutanen da ba su da al'adar jamu. Bahaushe ya kan amsa sunansa na yanka, a bi shi da na ubansa, ko da laƙabi, ko sana'a, ko garinsu. Sunan kaka ba ya wuce jika. 'Ya'yan shehin suka auri matan gari, jikokinsa suka tashi da Hausa a bakinsu, babu maroƙin da zai riƙa tsayawa a ƙofar gida yana tuna musu jamu. Abin da Hausa ta iya yi da irin wannan suna shi ne ta mai da shi na jama'a, kamar yadda ta ke cewa Gobirawa ko Agalawa. Sai aka ce Zaitawa, watau mutanen Zaite. Daga mutane sunan ya koma kan gidajen da su ke zaune, daga gidaje ya koma kan unguwa, har ya zamana wanda ya sayi gida jiya shi ma a Zaitawa ya ke. Zuriya tana ta ƙaruwa, masu amsa sunan suna ta raguwa.

Abokan tafiyarsa ma haka ta same su. Mandawari unguwa ce, Sheshe unguwa ce, masana kuwa suna ganin Sheshe shi ne Sise, jamun da ya cika ƙasar Mali da Sanagal. Kebe da Dukure har wa yau sunayen gidaje ne sanannu a wajen Soninke. Abin da ya tsare asalin Wangarawa a Kano shi ne karatu. Masallacin Madabo da makarantarsa, inda a ke karantar da fiƙihun Malikiyya, nan ne cibiyarsu, shugaban malamansu kuwa shi ne Babban Malami na Madabo. Bayan Fulani sun ci Kano a 1807, alƙalanci ya koma galibi gidajen Fulani, kamar Gyanawa, amma makarantar Madabo ta ci gaba da tara almajirai. Malam Muhammadu Salga ma a can ya yi karatu kafin saɓani ya raba Salgawa da Madabawa a kan al'adun jana'iza. A lura, su ma da sunan unguwa aka san su, Madabawa.

A wajen Kano, sunan Wangara ya fi na Zaite daɗewa a bakin mutane. Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, da ya sauka Katsina a 1851 ya tarad da manyan attajiran garin galibinsu Wangarawa ne. A ƙasar Bargu, a garuruwa irin su Jugu, Wangara a ke ce da sashen da Musulmi fatake su ke zaune. A zangon Kumasi kuma Wangara ƙabila ce mai harshenta da sarkinta. Fataken goro na Kano da ke zuwa Gwanja sun sha yin ciniki da masu jamu irin na kakannin waɗansu daga cikinsu, da wuya kuwa ɗayansu ya gane ɗan'uwa a wurin, gama ɗaya ya riƙe suna, ɗaya ya riƙe unguwa.

Da mulkin Turawa ya kafu a 1903, rubutun sunaye ya zama aikin yau da kullum. Ana rubuta mai biyan haraji, da mai ƙara a gaban alƙali, da mai karɓar albashi a baitulmali, da yaron da aka kai makaranta. A makaranta aka fi jin matsalar, domin aji guda ya kan tara Muhammadu biyar. Sai malamai suka riƙa liƙa wa yaro sunan garinsu, ta haka aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Isa Kaita, da Shehu Shagari. 'Yan birni kuma suka ɗauki sunayen unguwanninsu, kamar Tanko Yakasai. Ta wannan ƙofa tsofaffin sunayen Wangarawa suka sake hawa kan mutane, aka sami masu rubuta Mandawari, ko Sheshe, ko Madabo, ko Zaitawa a ƙarshen sunansu, 'ya'yansu kuma suka gada. Amma ma'anar ta sauya. Jakite a Gini yana nuna daga tsatson wa mutum ya fito. Zaitawa a Kano yana nuna inda aka haife shi ne kawai, ko Bafillace ne shi, ko Banufe, ko jikan shehin na gaskiya. Jikan shehin da ya koma ƙauye kuwa sunan ƙauyen ya ɗauka, ya ɓace daga lissafi. Ƙidayar jama'a ta 1931 da ta 1952 ba su warware wannan ba, gama ƙabila aka tambaya, zuriyar Wangarawan Kano kuwa Hausawa ne tun da daɗewa.

An rushe tsarin En'e a gyaran ƙananan hukumomi na 1976, aka kuma soke haraji a Jihar Kano a 1979, littattafan da malamai suka sha wahalar cikawa suka koma ɗakin ajiya. Da aka yanka birni gunduma-gunduma domin zaɓe, Mandawari ta faɗa Ƙaramar Hukumar Gwale, Sheshe da Zaitawa kuwa suka shiga cikin mazaɓu 13 na Ƙaramar Hukumar Birni.