Dutsen Lappnor da Mutanen da Suka Hau Shi

Ƙasar Katagum shimfiɗaɗɗiya ce. Mutumin Azare in yana son ganin duwatsu na kirki sai ya nufi Shira, inda suka ɗare kan juna, wasunsu ma ɗauke da zanen mutanen da. A wajenmu da tsawo ake auna dutse. Shi ya sa labarin wani dutse da ke dajin Lappnor, a kudancin ƙasar Finlan, zai zo wa mai karatu banbaraƙwai. Tsayinsa kamar mita 4 ne, da kaɗan ya ɗara katangar gidan mai hali, amma daga hawan mutum na farko zuwa na biyu sai da aka yi shekara shida da rabi.

Wasan da ake yi a kansa tsoho ne. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu hawan tsaunuka na Faransa suke zuwa dajin Fontainebleau, kusa da Faris, suna gwada ƙarfinsu a kan gajerun duwatsu. A shekarun 1950 wani Ba'amurke, John Gill, wanda daga baya ya zama malamin lissafi, ya mai da abin wasa mai zaman kansa, ya kuma shigo da garin alli da ake shafa wa hannu don maganin gumi. Ba a ɗaura igiya. Katifa ake shimfiɗawa a ƙasa, mutum ya bi wata ƙayyadaddiyar hanya har ya dafe saman dutsen. Wanda ya fara hawa shi ke raɗa wa hanyar suna, shi kuma ke faɗin matakin wuyarta. Sai dai faɗarsa iƙirari ce kawai, har sai wani ya hau ya ce haka ne.

A 2013 Marko Siivinen, ɗan Finlan, ya nuna wa ɗan ƙasarsa Nalle Hukkataival hanyar da ke jikin dutsen na Lappnor. Fuskar dutsen a kife take, ta rinjayo kan mai hawa da kusurwa kamar digiri 45, wuraren kamawa kuwa 'yan gefuna ne da kan yatsu kawai ke samun wurin zama. Motsi biyar ne tak daga ƙasa zuwa sama. Na farko shi ne ƙashin bayan wuyar, na ƙarshe kuma tsalle ne da mutum zai yi bayan hannu ya riga ya mutu. Ga kuma yanayi. Da zafi yatsu santsi suke yi, da tsakiyar hunturu ƙanƙara ta rufe dajin, don haka 'yan makonni ne kafin hunturu da bayansa suke da amfani. Fatar yatsa in ta tsage, sai a zauna jiran ta warke, kwanakin kuma suna wucewa.

Hukkataival ya yi shekara uku da ɗoriya yana komawa, ya faɗo sau dubbai. A watan Oktoba na 2016 ya hau. Ya sa wa hanyar suna Burden of Dreams, ya ce matakinta 9A ne a ma'aunin Faransa, wato V17 a na Amurka, matakin da babu wata hanya a duniya da ta riƙe shi a lokacin.

Daga nan sai shiru. Gwanaye sun zo, irin su Toru Nakajima na Japan da Shawn Raboutou na Amurka, suka koma ba su hau ba. A tsakanin nan ne Bafaranshe Charles Albert, mai hawa ba takalmi, ya ba wata hanya a Fontainebleau mataki 9A, waɗanda suka biyo shi suka gano dabara mafi sauƙi, aka sauko da matakin. Wannan ya isa ya nuna cewa lamba kan faɗi. Ta Lappnor ba ta faɗi ba, ba kuma wanda ya tabbatar da ita.

Abin da ya buɗe ƙofar ya zo daga Ingila. Aidan Roberts ya ɗauki siffar wuraren kamawar da na'ura, aka ƙera kwafinsu da roba, aka kafa a bangon atisaye. Will Bosi, ɗan Edinburgh a Sikotilan, ya yi ta horo a kan kwafin cikin ɗaki, ba ruwansa da ƙanƙara, kafin ya tafi Finlan, inda ya riƙa nuna ƙoƙarinsa kai tsaye a intanet. Ranar 12 ga Afrilu 2023 ya hau, ya kuma amince cewa 9A ce. Maganarsa tana da nauyi, domin 'yan watanni kafin nan ya hau Alphane a Suwizalan, wadda ita ma 9A aka ba ta.

Akwai masu ganin kwafin roba ya rage wa abin armashi. A ganina ba su yi adalci ba, domin roba ba ta hau wa Bosi dutsen ba. Amma nauyin mutanen biyu ba ɗaya ba ne. Bosi ya je Lappnor da sanin cewa ɗan Adam ya taɓa hawa, Hukkataival kuwa ya yi shekarunsa bai san ko abin mai yiwuwa ne ba.

Bayan Bosi sai hanya ta ɗan saki. Simon Lorenzi na Beljiyam ya hau a Disamba 2023, cikin tsananin sanyi. Elias Iagnemma na Italiya ya bi a Maris 2024 da nasa salon jera hannu da ƙafa. A 2025 Sung Su Lee na Koriya ta Kudu ya kai sama, amma bai gamsu da tsabtar hawan nasa ba, sai daga baya ya sake hawa daga farko.