Wa ke biyan kuɗin likita? Nijar, Gana da Najeriya tun daga 1987

A Hausar Kano, likita mutum ne. A tamu ta Maraɗi, likita wuri ne, shi mutumin kuwa lokotoro muke ce masa. Idan uwa a Sabon Maci ta ce za ta kai ɗanta likita, abin da take lissafi biyu ne: nisan wurin, da kuɗin da za a ce ta biya. Tarihin kiwon lafiya a ƙasashenmu tarihin waɗannan abubuwa biyu ne.

Bayan samun ƴancin kai, gwamnatoci sun yi alkawarin magani kyauta, amma talaucin shekarun 1980 ya bar kantocin asibiti wayam. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako suka amince cewa marar lafiya ya riƙa biyan wani abu, kuɗin kuma a sayi magani da su. Magani ya dawo, gaskiya ne. Sai dai wanda ba shi da ko dala ya koma ga sassaƙe da masu tallar ƙwaya a kasuwa. Daga nan kowace ƙasa ta nemi tata mafita.

Gana ta ɗauki hanyar inshora. A 2003, zamanin John Kufuor, aka yi dokar da ta soke tsarin biya kafin a duba ka. Yawancin kuɗin daga harajin kashi 2.5 cikin ɗari kan kayan saye suke fitowa, wato kowa na zubawa ko bai sani ba. Najeriya ma ta ƙaddamar da tata inshorar a 2005, zamanin Obasanjo, amma ma'aikatan gwamnatin tarayya ta fi rufewa. Manomin Jibiya ko Illela bai ga komai ba. Sai a 2022 aka yi dokar da ta wajabta ta a kan kowa.

Nijar, wadda ta fi su duka talauci, ta bi wata hanya dabam. Shugaba Tanja Mamadu ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara, kimanin 2,000, don a rage tafiyar amalanke. Sai yunwar 2005 ta zo. Jihar Maraɗi ce ta fi jin jiki, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar tamowa a Dakoro. Duniya ta ga yara na mutuwa a kusa da asibiti saboda iyayensu ba su da kuɗin shiga. A 2006 gwamnati ta ce yaro ƙasa da shekara 5 ba ya biya, haka awon ciki, bayan tiyatar haihuwa da aka riga aka sa kyauta.

To, an ci riba? An ci. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Rigakafi da gidan sauro sun taimaka. Najeriya mai man fetur kuwa, a 2018 tana kan 132. Kenan arzikin ƙasa kaɗai ba ya raya jariri.

Amma mu kula da kalmar nan "kyauta". Asibiti ne ke yin aikin, sannan ya jira gwamnati ta maido masa kuɗinsa. Shekara da shekaru biyan na makara, bashi ya taru, magani ya ƙare. Sai a duba yaro kyauta, a miƙa wa uwa takarda ta je farmasi. Abin da Gana ta fi mu ke nan: ta ware wa tsarinta haraji nasa na kansa, ko da yake ita ma asibitocinta na kukan jinkirin biya. Mu kuwa mun yi alkawari ba mu haƙa masa rijiya ba.

A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya. Kaɗan ne suka cika. Saboda haka, ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya zo garinmu yana cewa magani kyauta, mu tambaye shi daga wace jaka kuɗin za su fito, kuma a wane wata za su iso Dakoro.