Yadda Ƙasar Tailan Ta Tare Ciwon Ƙanjamau

Yau za mu ba ku labarin wata ƙasa can gabas mai suna Tailan.

A 1981 ne likitocin Amurka suka fara gane ciwon ƙanjamau, a 1984 kuwa ya ɓulla a Tailan. Kun san ƙwayar ciwon nan tana bi ta jini, da maniyyi, da ruwan gaban mace. Mai ɗauke da ita yakan yi shekaru yana yawo garau, yana ba wasu bai sani ba. A 1989 da aka auna jinin mata masu zaman kansu a gidajen birnin Chiang Mai, sai aka tarar 44 cikin 100 sun kamu.

Da yawa cikin matan nan sun san kwaroron roba yana tsare mutum. Amma in mace ta ce sai an sa, namiji ya kwashe kuɗinsa ya tafi gida na gaba, ita ta kwana da yunwa. Wani likita, Wiwat Rojanapithayakorn, ya lura da haka. A 1989, a lardin Ratchaburi, aka tara masu gidajen, da 'yan sanda, da ma'aikatan lafiya, aka ɗaure magana ɗaya: kowane gida, in babu kwaroro babu harka. Aka riƙa raba shi kyauta. Namijin da ya zo asibiti da ciwon sanyi, sai a tambaye shi gidan da ya je, a bi a ja kunnen mai gidan. Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1991 gwamnati ta ce a yi haka a ƙasa duka. Cikin 'yan shekaru, masu sa kwaroro a gidajen nan suka wuce 90 cikin 100. Sababbin kamuwa, waɗanda aka ƙiyasta 143,000 a 1991, suka koma wajen 19,000 a 2003. Matan aure da jarirai da yawa suka tsira, domin mazan ba su kai ciwon gida ba.

To, ku da kuka zo karɓar magani, ku riƙe wannan. Kwaroro sau ɗaya ake amfani da shi, kada kuma a shafa masa mai, domin mai yana sa shi yagewa. Ku nemi a auna jininku. Wanda aka samu da ƙwayar, akwai maganin da ke danne ta muddin ana sha kullum. Allah ya ba mu lafiya, amin.