BAYANI: Me ke sa saƙon banki ko na jarrabawa ya daina shigowa waya, kuma alhakin wa ne?

A garuruwa irin Dogon Daji, Tambuwal da Kebbe da ke kudancin Jihar Sokoto, saƙon kar-ta-kwana ya zama tamkar takardar shaida. Da shi ɗan kasuwa ke tabbatar da cewa kuɗin hatsinsa sun shiga asusu, da shi ɗalibi ke karɓar lambar rajistar JAMB. Idan irin wannan saƙo ya daina zuwa, yawancin mutane kan ɗora wa wayar laifi. Sai dai kafin saƙo ya iso, yakan bi ta hannu huɗu: mai aikowa, kamfanin sadarwa, ƙa'idojin hukuma, sannan wayar kanta. Gano inda igiyar ta tsinke shi ne rabin gyara.

A fara da wayar

Nan ne bincike ya fi sauƙi. Ƙananan wayoyi suna da iyakar saƙonnin da za su iya riƙewa. Idan akwatin ya cika, sabo ba ya shiga sai an goge tsofaffi. Manyan wayoyi kuma sukan tura saƙon da ba su san mai shi ba zuwa ma'ajiyar tarkace. Gwaji mafi inganci shi ne a cire layin a sa a wata waya, a nemi wani ya turo saƙo. Idan ya shigo, matsalar ta wayar ce. Idan saƙon mutane na shigowa amma na banki ba ya zuwa, sai a duba gaba.

Lambar 2442

A shekarar 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fito da lambar 2442 domin kare jama'a daga saƙonnin talla da ba su nema ba. Wanda ya tura kalmar STOP zuwa wannan lamba ya rufe ƙofa ga tallace-tallace baki ɗaya. A ƙa'ida, wannan bai kamata ya taɓa alat na banki ba, domin shi ba talla ba ne. Amma makarantu, ƙungiyoyi da ƙananan kamfanoni da dama suna aika saƙonninsu ta hanyar da ake aika talla saboda ta fi araha, sai shingen ya haɗa da su. Tura STATUS zuwa 2442 na nuna matsayin layi, HELP na kawo jerin zaɓi, ALLOW kuma na cire shingen.

Haɗa layi da NIN

A watan Disamban 2020, lokacin da Isa Ali Pantami ke Ministan Sadarwa, gwamnatin tarayya ta ba da umarnin haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. An yi ta ɗage wa'adi har zuwa 4 ga Afrilun 2022, ranar da aka fara hana layukan da ba a haɗa ba kiran waje. A 2024 aka koma rufe layi gaba ɗaya. Rufewar da aka yi a ƙarshen watan Yulin shekarar, ana gab da zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, ta sa jama'a suka yi dafifi a ofisoshin kamfanoni, har NCC ta ba da umarnin a buɗe layukan. Daga bisani ta tsayar da 14 ga Satumban 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe.

Abin lura shi ne, miƙa NIN kaɗai bai wadatar ba. Idan sunan da ke kan rajistar layi ya saɓa da wanda ke wurin hukumar NIMC, ko kuma an yi rajistar da sunan wa ko maƙwabci kamar yadda aka saba a karkara, tantancewa kan gaza. Ana duba matsayin layi ta *996#, ana kuma dawo da lambar NIN da aka manta ta *346#.

Layin da aka bari ya kwanta

Wannan shi ne mafi haɗari. Lambar waya ba mallakar mutum ba ce ta har abada. A ƙa'idojin NCC, layin da ya yi wata shida ba a yi wata hulɗar kuɗi da shi ba, kamar sa kati ko kira, ana iya dakatar da shi. Idan ya ƙara wasu wata shida a haka, mai shi na iya rasa lambar, a sayar wa wani.

Banki ba ya samun labarin wannan sauyi da kansa. Zai ci gaba da tura alat zuwa lambar da ke cikin takardunsa, wato zuwa hannun baƙo, wanda zai riƙa ganin shige da ficen kuɗin wani. Matashin da ya tafi ci-rani ya bar tsohon layi a gida, ko ɗalibar da ta yi rajistar JAMB ta lambar 55019 da layin aro, duk suna cikin wannan tarko. Maganin shi ne a riƙa sa wa layin kati lokaci-lokaci. Idan kuwa ya riga ya salwanta, a garzaya banki a sauya lambar da ke kan asusu da kuma wadda ke kan BVN.

Mai aikowa

Wani lokaci saƙon ma ba a aiko shi ba. Alat na banki ba kyauta ba ne: a watan Mayun 2025 bankuna suka ƙara kuɗinsa daga naira 4 zuwa naira 6, bayan NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon shekarar. Wanda ya taɓa neman a cire masa wannan caji, ko ya zaɓi imel a wurin cike takarda, ba zai ga alat ba sai ya koma ya nemi a mayar.

Idan hukuma ce ta katse

Akwai lokacin da babu lambar da za a danna ta yi magani. A farkon Satumban 2021 NCC ta umarci kamfanoni su rufe sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ambata da farko, amma abin ya wuce wata biyu a yankuna da dama. Cikin watan, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Jihar Sokoto, har da Tambuwal, inda Dogon Daji take.

Saƙon da aka aiko a irin wannan yanayi ba ya jira har abada. Cibiyar saƙonni ta kamfani kan riƙe shi na ɗan lokaci tana gwada isarwa, idan wa'adinsa ya cika sai ya faɗi. Saboda haka dawowar sabis ba ta nufin dawowar saƙonnin da suka wuce. Wanda ke da hulɗar kuɗi a tsakanin sai ya nemi takardar bayanin asusu daga banki, domin ita ce hujja, ba alat ba.

Ina ake kai ƙorafi?

Matakin farko shi ne kamfanin layin, ta lambar 300 da duk kamfanoni ke amfani da ita tun 2023. A karɓi lambar ƙorafi a adana. Idan ba a warware ba, sai a kira NCC kyauta ta 622 a ba ta wannan lamba. Idan matsalar daga banki take, a rubuta masa takarda. Bayan mako biyu ba gyara, mai asusu na da damar kai kuka sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Bankin Najeriya, CBN.

Waɗannan hanyoyi duk an tanade su ne domin laifin kamfani ko na banki. Katsewar da gwamnati ta yi umarni da ita kuwa, lambar 622 ba ta da amsarta. Wannan tambaya ce ta 'yan majalisar da ke wakiltar mazaɓar Kebbe da Tambuwal, a Sokoto da Abuja: wa ke da ikon rufe sadarwar al'umma, na tsawon wane lokaci, kuma wa zai ɗauki asarar da ta biyo baya.